Ƙosai kullum da safe: gina jiki yake yi ko mai kawai yara ke sha?

Ummu_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara a kan abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Yarana uku, babban shekararsa 9, ƙaramar 4. Kusan kullum koko da ƙosai suke karyawa da shi kafin su tafi makaranta, don shi suke cinyewa ba sai na bi su da faɗa ba, kuma shi aljihunmu ke iya ɗauka. To ƙanwar maigidana ta zo mana kwana biyu, ta ga takardar da aka ƙunso ƙosan ta jiƙe sharkaf. Ta ɗaga ta saitin taga har haske yana ratsa ta, ta ce, "Anti, wannan ai mai kike ɗura musu, ba abinci ba." Ni dai na taso na ji ana cewa wake yana gina jiki. Shin in an soya shi amfanin tafiya yake yi? In daina ba su ne, ko yaya?

Dan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Hajiya kada ki daina. Mu da koko da ƙosai aka raine mu, mu tara a gidanmu, babu wanda ya tashi a raunane. Yaron da ya ci ƙosai da safe yana kaiwa azahar bai nemi komai ba, wanda ya sha shayi da burodi kuwa kafin tara ta yi ya fara hamma.

Malama_Rabi:
Wa alaikumus salam Maman Khalifa. Darasin abinci da kula da gida nake koyarwa a sakandaren 'yan mata, bari in faɗi abin da na sani. Suya ba ta kashe furotin ɗin wake, wato sinadarin da ke gina jiki. A kowane giram 100 na busasshen wake akwai furotin kamar giram 23 zuwa 25, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Ƙwai guda ɗaya kuma giram 6 ne ko kusa da haka. Bayan furotin akwai sinadarin ƙarfe mai taimaka wa jini, da folet, irin wanda ake ba masu ciki ƙwayarsa a wajen awo. Jiƙo da wanki da zafin wuta suna rage folet ɗin, wannan gaskiya ne, amma furotin yana nan daram.

Haɗin da kike yi musu ma ya fi yadda kike zato kyau. Furotin ɗin gero yana da ƙarancin wani ɓangare da ake kira layisin, wake kuwa yana da shi a wadace. Shi kuma waken yana da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi ya fi shi. In suka haɗu a ciki ɗaya sai kowanne ya toshe giɓin ɗan uwansa. Iyayenmu ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun haɗa koko da ƙosai, sun haɗa shinkafa da wake.

Inda ƙanwar mijinki take da gaskiya shi ne man. A ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wato kalori, giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko furotin 4. Babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120. Ga yaro mai guje-guje da tafiya makaranta a ƙafa, wannan ƙarfi ne da jikinsa ke nema. Ga ni da ke da muke wuni a gida ko a kan kujera, nan ne lissafin ke canzawa.

Baban_Walid:
Malama, duk na yarda da bayaninki, amma kin yi maganar mai kamar mai ɗin tsaftatacce ne. Ku je ku tsaya a kan masu suyar bakin titi. Akwai wadda nake wucewa ta wajenta kullum a hanyar aiki, man kaskonta baƙi ƙirin kamar baƙin mai na mota, yana kumfa yana hayaƙi, ƙaurinsa har cikin maƙogwaro. Da shi take soya ƙosai, ta soya doya, ta soya dankali, gobe ta dawo da shi. Ba waken nake tsoro ba, wannan man nake tsoro.

Inna_MaiKasko:
'Yata ce take rubuta mini, ni nake faɗa. Shekarata 17 ina suyar ƙosai a ƙofar gida, da shi na aurar da 'ya'ya biyu, don haka ku bari mai sana'a ta sa baki.

Ƙosan da ya jiƙa takarda sharkaf, ba ƙosai ne mai laifi ba, hannun da ya yi shi ne. Abu uku ke sa shi shan mai. Ruwa ya yi yawa a markaɗe, ko ba a buga ƙullun ba, ko a zuba shi man bai yi zafi ba. Ni in na kai markaɗe ina tsaye a kan mai inji, ruwa kaɗan kaɗan, don in ya saki hannu ya tsinka mini shi to ranar na yi asara. In na dawo sai in ɗebi wanda zan soya a lokacin in sa a ƙwarya, in buga shi da ludayi har hannuna ya gaji, sai ya yi fari ya tashi ya yi sauƙi. Gishiri ma ba na sa wa duka ƙullun, sai wanda na ɗiba, don in ya zauna da gishiri kwanciya yake yi. Sannan in ɗiga ɗan kaɗan a mai. In ya nutse ya taso nan take yana tsuwa, mai ya yi. In ya zauna a gindin kasko shiru, sai in ƙara itace in jira. Wanda aka yi haka, ki fasa shi ki gani, cikinsa fari tas kamar soso, man iyakarsa baya.

Maganar Baban Walid kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Babu mai ƙosan da take zubar da mai kullum, in ta yi haka jarin ya ƙare a mako. Abin da nake yi, ba na cika kasko da yawa, ina ƙara sabo a kai, in na tashi in tace shi da rariya in rufe. Kifi ko nama ba sa shiga man ƙosaina. In ya fara duhu yana yauƙi, ya zama na hura wuta ke nan. Wadda ta bar nata ya zama baƙi, ta ji tsoron Allah, 'ya'yan mutane ne ke ci.

Ummu_Khalifa:
Allah ya saka da alheri Inna, Allah ya ƙara albarka a sana'a. Wallahi wadda muke saya a wajenta da sassafe nata yana kyau, amma in aka makara aka je wajen takwas sai ya zo a lafƙwashe, jiƙe da mai. Yanzu na gane, wataƙila wuta ce ta yi sanyi ko ƙullun ya kwanta.

Sani_Lab:
A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki. Abin da Baban Walid ya gani gaskiya ne kuma yana da bayani. Duk lokacin da mai ya ɗau zafi sosai, ga iska, ga ruwan da ke fita daga abin da ake soyawa, yana lalacewa kaɗan kaɗan. Alamominsa su ne duhu, kumfa, kauri, da saurin hayaƙi tun wuta ba ta yi ƙarfi ba. Ɓurɓushin da ya rage a kasko yana ƙonewa shi ke ƙara saurin lalacewar, don haka tacewar da Inna ke yi ba ƙaramin abu ba ne. Zafin da ya dace da irin wannan suya yana wajen digiri 170 zuwa 180. Ƙasa da haka abinci ya sha mai, sama da haka mai ya ƙone.

Abu_Hanif:
Na ji a rediyo cewa man da aka maimaita shi ne ke zama kitsen tirans mai toshe jijiyar zuciya, har NAFDAC ta sa doka a kai.

Sani_Lab:
@Abu_Hanif dokar tana nan, ta taƙaita shi zuwa giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai ko kitse. Amma yawancin kitsen tirans daga masana'anta yake zuwa, daga man da aka daskarar don yin irin su bota ta gwangwani da kayan gashi. Maimaita suya yana ƙara shi kaɗan, sai dai babbar matsalar tsohon mai wasu gurɓatattun sinadarai ne daban da ke taruwa a cikinsa. Kowanne dai ba alheri ba ne, na so kawai kada a haɗa su.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi: doka ta wajabta a sa bitamin A a man girkin da ake sarrafawa a Najeriya, shi ya sa za ku ga tambarin ido a jikin galan ko leda. Amma man da aka ɗura a robar ruwa aka jera a rana tun safe har yamma, hasken yana cinye bitamin ɗin.

Hajiya_Turai:
Ni man ƙuli nake saya a wajen matan da ke yin ƙuli-ƙuli a unguwarmu, ina kallo ake matse shi. Ƙamshin ƙosan da aka soya da shi daban ne. Ya fi tsada, amma hankalina ya fi kwanciya.

Yusuf_Kumasi:
Gaisuwa daga zango. Mu nan Gana koose ake ce masa, kuma kokon gero mai citta da kanumfari ko waɗanda ba Hausawa ba "Hausa koko" suke kiransa. Da asuba za ka ga ma'aikata da 'yan makaranta sun yi layi. Yarabawa kuma akara suke cewa. Abin da ya ba ni mamaki, har Birazil ya je, ta hannun bayin da aka kwasa daga yammacin Afirka. A birnin Salvador na jihar Bahiya mata ne sanye da fararen kaya suke soya shi da manja a bakin titi, sunan ma bai canza sosai ba, akaraje. Su suna tsaga shi biyu su cusa jatan lande da yaji.

Maman_Ilham:
Ashe da manja ake yi a can! To ai mu ma kakata da manja take yi, ƙosan ya fito ja. An ce ma ya fi lafiya saboda bitamin A.

Malama_Rabi:
@Maman_Ilham jan da ke cikin manja shi ne abin da jiki ke mayarwa bitamin A, haka ne. Amma da zarar an bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya washe ya koma fari, yawancinsa ya tafi. A miya ko a kan ɗanwake ya fi ba da amfaninsa. Kuma kusan rabin manja kitse ne mai daskarewa, wanda ake ce wa masu matsalar zuciya su rage.

Kabiru_Rijiyar_Zaki:
Ina so in ba da labarin mahaifinmu ko wani zai amfana. Shekara shida ke nan da aka gano yana da ciwon suga. A asibiti aka ce ya riƙa cin wake, sai Baba ya ɗauka an ba shi lasisin ƙosai. Kullum da safe ƙosai kusan goma, a cusa a cikin burodi, ga kofin koko da sukari cokali uku. Muna ta mamakin yadda awo ba ya sauka alhali yana shan magani. Sai ƙanwata ta sayo na'urar gwaji ta gida, muka riƙa auna shi awa biyu bayan karin kumallo muna rubutawa a bayan kalanda. Ranar da ya ci da burodi da koko mai sukari, lamba ta haura sosai. Ranar da ya ci ƙosai huɗu da ƙwai da shayi ba sukari, sai ta zo da sauƙi. Da muka kai wa likitarsa kalandar ta ce haka ne, wake ba ya tayar da suga da sauri kamar farin burodi, amma ya kula da yawan man saboda nauyinsa da jininsa. Yanzu sau biyu a mako yake ci, sauran ranakun alale ko dafaffen wake. Ya yi ta fushi da mu da farko, don shekara hamsin da abin da ya saba. Mai irin wannan ciwo don Allah ya tambayi likitansa, kada ya ɗauki namu ya yi aiki da shi kai tsaye.

Dan_Fagge:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma ka ga maganata ta fito, burodi da sukari ne masu laifi.

Baban_Walid:
@Dan_Fagge ba haka ya ce ba, ka sake karantawa. An rage masa ƙosan ma daga goma kullum zuwa huɗu sau biyu a mako. Kuma iyayenmu da kake misali da su gona suke zuwa, a ƙafa suke zuwa kasuwa. Mu daga kan babur sai kujera.

Zulai_Damagaram:
Mu a nan azumi ne lokacinsa. Kwana talatin cur, kunu da ƙosai a buɗa baki. Ni kam in na ci shi a kan cikin da ya wuni ba komai, ƙwannafi ke hana ni sallar tarawihi cikin natsuwa. Bara na koma farawa da dabino da ruwa da kunu, sai bayan magariba in ci guda uku, kuma na rage attaruhu. Na samu sauƙi sosai.

Alhaji_Dawanau:
Kuna ta maganar mai, babu wanda ya tambayi waken kansa. Ni hatsi nake saye da sayarwa sama da shekara ashirin. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bi mata, amma ajiyarsa ita ce wahala, don ƙwaro ba ya barinsa. Wasu marasa tsoron Allah sai su zuba masa maganin ƙwari mai ƙarfi irin na feshi, su ɗinke buhu. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dikulobos da aka samu a ciki. Su sun ƙi saya, mu kuma mun ci. Alhali akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, in ka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwaron ya mutu da kansa ba tare da ɗigon magani ba. Ni da shi nake ajiye na gidana da na sayarwa. In za ku sayi wake ku ɗebo ku shinshina. In kun ji wari kamar na fiya-fiya, ku bar shi komai arharsa.

Inna_MaiKasko:
Alhaji ya faɗi gaskiya. Ni wake mai ɗan huji ɗaya biyu bai dame ni ba, na fi tsoron wanda ya kai damina sumul ba ƙwaro ko ɗaya kuma yana wari. Sannan tunda ana tonawa, a tona duka: da wake ya yi tsada wasu suna ƙara garin masara ko na rogo a ƙullu don ya yi auki. Za ki ji shi da nauyi, in ya huce ya yi tauri. Wannan kam ba zai ba yaro abin da Malama ta lissafa ba.

Fati_Gombe:
Tambaya, ni ba na surfa waken. Jiƙa shi nake yi in markaɗa da ɓawonsa, an ce dusar tana taimaka wa hanji. Daidai ne?

Malama_Rabi:
Daidai ne Fati, a ɓawon ne yawancin dusar take, kuma tana maganin taurin bayan gida. Sai dai wasu tana kumbura musu ciki, kuma ga ƙaramin yaro surfaffen ya fi sauƙin narkewa. Wani abu kuma tunda an ambaci shayi a sama: shayi yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikin wake. Lemo ko gwaba ko tumatir kuwa ƙara shi suke yi. In da hali a ba yaro ɓarin lemo bayan ƙosai, ya fi a bi shi da shayi.

Inna_MaiKasko:
Da ɓawo kam a gida dai. In na kawo shi ƙofar gida da ɗigo-ɗigon baƙi, cewa za a yi ƙazanta ce ta hana ni wankewa.

Nafisa_Kd:
Ni ban ga dalilin wahala ba. Wake ɗaya ne, markaɗe ɗaya ne, a yi alale kawai a huta da zancen suya. Nawa yaran sun saba.

Hajiya_Turai:
@Nafisa_Kd alalen ma ai da mai ake yi, wasu har ya kwanta a sama. Bambancin dai ke kike auna abin da kika zuba. Kuma a daina ƙulla shi a farar leda ana dafawa, ga gwangwani ga ganye. Haka shi ma ƙosan, tsohuwar jarida da takardar jarrabawa da ake naɗe shi da zafinsa, tawadar tana like masa. Na sha ganin rubutu ya fito a jikin ƙosai. Ni da kwano mai murfi nake aika yaro.

Nafisa_Kd:
Gaskiya ne Hajiya, ledar kam ina yi, zan gyara. Amma da safe kafin makaranta wa ke da lokacin wanke gwangwani goma sha biyu?

Abu_Hanif:
Gishiri da dunƙule fa? Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kada ya kai giram 5 na gishiri a wuni, ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Ƙosai da gishiri, yajin da ake barbaɗawa da gishiri da dunƙule. Masu hawan jini su lura da yajin nan.

Ummu_Khalifa:
Na dawo da rahoto. Ranar Asabar na gwada yi da kaina, na surfa gwangwani huɗu na kai inji. Kaskon farko ya baje ya sha mai, har na karaya. Sai na tuna maganar Inna, na zauna na buga sauran sosai, na jira mai ya yi zafi. Na biyun ya tashi, da na tsame a matsami na juye a kwando, ɗan abin da ya ɗiga kaɗan ne. Ƙaramar ta ci uku da rabin lemo. Amma gaskiya ba zan iya wannan kullum ba, ga shirin makaranta ga jariri a hanya. Na yanke zan riƙa aikawa da wuri da kwano, ranar da babu makaranta in yi nawa. Maigidan ne dai har yanzu yake goyon bayan ƙanwarsa, wai a mayar da shi sau uku a mako. Inna, man da ya rage mini ya kai rabin kwalba, na tace na rufe. Sau nawa zan iya ƙara suya da shi?

Baban_Walid:
Ni ina bayan maigidan. Sau uku ya isa, sauran ranakun a canza musu da ƙwai ko ɗanwake ko ɗumame.

Dan_Fagge:
Ƙwai uku kullum a wannan tsadar? Baban Walid, ba kowa ke da shi ba.

Inna_MaiKasko:
'Yata, ba a ƙirga shi da lamba, da ido da hanci ake ganewa. In launinsa yana nan garau, ba ya kumfa, ba ya ƙauri, ki ƙara sau ɗaya ko biyu, ki ɗan zuba sabo a kai. Ki ajiye shi inda rana ba ta taɓa shi. Kuma kaskonki na farko da ya baje, ruwa ne mai inji ya cika miki. In za ki koma ki riƙe kofin ruwan a hannunki, ke za ki riƙa zubawa. Allah ya sauke ki lafiya.